Lorenzo Langstroth: Limamin cocin da ya raba masu kiwon zuma da fargabar ƙaurar ƙuda

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, mai kiwon zuma a Turai da Amurka ba ya samun sukuni a watannin Mayu da Yuni. A lokacin ne furanni ke buɗewa, amya ta cika ta batse, sai wata rana da hantsi dubban ƙudan zuma su ɓarko waje kamar hayaƙi, su dunƙule a reshen itace na ɗan lokaci, daga nan su tashi su nausa daji. In aka yi rashin sa'a babu kowa a gida, rabin jarin mai amya ya tafi ke nan. Shi ya sa iyalai kan ajiye yaro ko tsoho yana gadi, da tukwane da kwanoni a kusa, domin an yi imani cewa ƙarar ƙarfe tana sa ƙudan su sauka. Mutumin da ya sauya wannan hali shi ne Lorenzo Lorraine Langstroth, wani limamin coci ɗan Amurka da rashin lafiya ta hana ya daɗe a kan mumbari, wanda a yau ake kira uban kiwon zuma na Amurka.

Haihuwa da karatu

An haifi Langstroth ranar 25 ga Disamba, 1810, a birnin Filadelfiya da ke jihar Pennsylvania. Tun yana yaro yake da sha'awar ƙwari, har yakan durƙusa ya daɗe yana kallon zirga-zirgar tururuwa. Ya yi karatu a jami'ar Yale, ya kammala a 1831, daga baya ya koyar da lissafi a can yana kuma nazarin addini. A 1836 aka naɗa shi limamin wata coci a garin Andover na jihar Massachusetts, kuma a shekarar ce ya auri Anne Tucker, wadda ta haifa masa ɗa ɗaya da 'ya'ya mata biyu.

Aikin limanci bai yi masa sauƙi ba. Yana fama da wani ciwon matsananciyar damuwa da kan kwantar da shi na watanni, ya kasa wa'azi, ya kasa rubutu. Ciwon ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ala tilas ya ajiye limancin Andover ya koma koyarwa. Ya zauna a garin Greenfield daga 1840, inda ya shugabanci makarantar 'yan mata kuma ya sake riƙe wata coci, sannan a 1848 ya koma Filadelfiya ya buɗe tasa makarantar.

Shigarsa kiwon zuma ta faro ne a 1838, lokacin da ya ziyarci wani abokinsa ya ga saƙar zuma a cikin wani tulun gilashi. Abin ya burge shi har ya sayi amya biyu. Daga nan ya duƙufa karanta duk abin da ya samu a kan ƙudan zuma, musamman binciken François Huber, wani makaho ɗan Suwizalan da ya yi nazarin rayuwarsu da taimakon hadiminsa.

Amya mai rufaffen ciki

A wancan zamani amya iri uku ce ta fi yawa: ta ciyawa da aka saƙa kamar kwando aka kife, da kututture mai kogo, da akwatin katako. A dukkansu ƙudan kan manne saƙarsu a rufi da bango, don haka babu hanyar duba ciki sai an fasa. Mai amya bai san ko sarauniya na raye ba, bai san ko cuta ta shiga ba, bai kuma san ranar da ƙudan za su yi ƙaura ba. Idan kaka ta yi, da yawa kan ɗora amyar a kan ramin da aka kunna farar wuta, hayaƙin ya kashe ƙudan, sannan a kwashe zumar. Tun da ana kashe wasu duk shekara, dole a dogara ga masu ƙaura domin cike gurbi. Ga kuma wani asu mai cin kaki da ya addabi Amurka a shekarun, yana lalata amya daga ciki mai ita bai sani ba.

Ƙaura kuwa ita ce hanyar da ƙudan zuma ke yaɗuwa. Idan abinci ya wadata, sarauniya kan saka ƙwai fiye da 1,000 a rana, amya ta yi musu kaɗan. Sai ma'aikata su gina wasu ɗakuna na musamman masu kama da kwanson gyaɗa, su fara renon sababbin sarauniyoyi. Sarauniya kan ɗauki kwana 16 daga ƙwai zuwa fitowa, ma'aikaciya kuma kwana 21. Daidai lokacin da aka rufe ɗakin farko, wato wajen kwana na takwas ko na tara, tsohuwar sarauniya kan fice da kusan rabin jama'arta. Sukan sauka kusa, su dunƙule, su tura 'yan leƙen asiri neman sabon gida. Bayan mako ɗaya ko fiye, wani rukuni na biyu, wani lokaci har da na uku, kan iya bin wata sabuwar sarauniya su fice, su bar amyar da 'yan tsiraru. Duk alamun wannan shiri suna can cikin amya, inda ido ba ya kaiwa.

Masana da dama sun nemi mafita. Huber ya ƙera amya mai buɗewa kamar littafi, amma ta fi dacewa da bincike. Johann Dzierzon, wani limamin Katolika a yankin Silesiya, ya jera sanduna a saman amya domin ƙudan su rataya saƙa, sai dai har a lokacin sai an sa wuƙa an yanke saƙar daga bango kafin a ciro ta.

Tazarar da ƙuda ba ya cikewa

A shekarar 1851, a gonar zumarsa da ke wajen Filadelfiya, Langstroth na fama da murfin amya da ƙudan ke mannewa da danƙon da suke tarowa daga itatuwa. Sai ya sauke sandunan ƙasa kaɗan, ya bar 'yar tazara tsakaninsu da murfin, ya ga ƙudan sun bar wurin a buɗe. A nan ya gane ƙa'idar da sunansa ya shahara da ita. Idan rata ta gaza milimita 6, ƙudan kan toshe ta da danƙo. Idan ta wuce milimita 9, sukan gina saƙa a ciki. Abin da ke tsakanin haka kuwa sukan bar shi a matsayin hanyar wucewa.

A ƙarshen Oktoban shekarar ya ga cewa za a iya barin wannan tazara ta kowane gefe. Ya zana firam na katako mai kusurwa huɗu da za a rataya cikin akwati, ba ya taɓa bango, ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa murfi. Ƙudan za su gina saƙa a cikin firam ɗin, mai kiwo ya ɗaga shi ya duba ya mayar, babu abin da ya fashe. Wani kafinta mai suna Henry Bourquin ne ya ƙera masa na farko. Ranar 5 ga Oktoba, 1852, gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar fasaha mai lamba 9,300. A Jamus ma August von Berlepsch ya fito da nasa firam ɗin a daidai wannan lokaci, amma akwatin Langstroth mai buɗewa ta sama shi ne ya fi yaɗuwa.

Yadda firam ya sauya lamarin ƙaura

Da zarar ido ya kai cikin amya, ƙaura ta daina zuwa ba zato. Mai kiwo da ke dubawa kowane mako a lokacin furanni zai ga ɗakunan sarauniya tun kafin a rufe su. Idan cunkoso ne, ya ƙara akwati a sama. Idan shirin ya yi nisa, ya raba amyar da kansa: ya ɗauki wasu firamomi masu ƙwai da tsutsa da zuma ya kai sabon akwati, rukunin da ba shi da sarauniya ya reni wata daga ƙwan. Ta haka ya samu amya biyu ba tare da ya hau itace ba. Idan kuma rukunin farko ya riga ya fice, ya cire ragowar ɗakunan sarauniya ya bar guda, don kada na biyu da na uku su biyo baya. Amyar da ta rasa sarauniya, wadda a da sai dai ta mutu a hankali, yanzu firam ɗaya mai ƙwai daga maƙwabciyarta ya isa ya cece ta.

Langstroth ya zayyana waɗannan dabaru a littafinsa kan amya da ƙudan zuma, wanda ya fito a 1853. Ya rubuta shi ne a Greenfield, bayan ciwonsa ya sake tashi ya tilasta masa barin Filadelfiya. A ciki ya ware babi guda ga ƙaurar da ƙudan ke yi da kansu, wani kuma ga wadda mai kiwo ke shiryawa. Ya bayyana cewa ƙudan kan cika cikinsu da zuma kafin su fice, kuma ƙudan da ya ƙoshi ba ya saurin kai hari, shi ya sa dunƙulen da ke rataye a reshe bai cika faɗa ba in ba a tsokane shi ba. Ya nuna cewa buga kwanoni ba ya tsinana komai, domin ƙudan za su sauka kusa ko an buga ko ba a buga ba. Abin da ya kamata shi ne a tanadi amya mai tsabta wadda rana ba ta gasa ba, a shimfiɗa zane, a kakkaɓo dunƙulen a bakin ƙofa, a yi hakan da wuri kafin 'yan leƙen asiri su dawo. Wannan bayani ne masu kiwo ke bai wa masu gidaje har yau: dunƙule a reshe baƙo ne na awoyi ko 'yan kwanaki, kuma kama shi a lokacin ya fi sauƙi nesa da fitar da shi bayan ya shiga rufi ko bango ya kafa saƙa.

Ya kuma ja kunnen masu gaggawa. A ganinsa, wanda ya yi ta raba amya don ya ga adadi ya ƙaru zai ƙare da raunana masu yawa, waɗanda sanyi da asu za su gama da su. Amya kaɗan masu ƙarfi sun fi ba da zuma.

Shekarun Ohio da rigimar haƙƙin mallaka

A 1858 ya koma garin Oxford na jihar Ohio, ya zauna a wani gida mai fili kimanin eka 10, ya shuka itatuwa da tsirrai masu furen da ƙudan ke so. Yana cikin waɗanda suka yi aikin shigo da ƙudan Italiya Amurka tun daga 1860, nau'in da ya fi na da sanyin hali da iya kare amya daga asu. Shi da ɗansa James sun reni sarauniyoyin wannan nau'i suna sayarwa.

Ta fuskar kuɗi kuwa, kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Akwatin nasa na da sauƙin kwaikwayo, duk kafintan da ya gan shi sau ɗaya zai iya ƙerawa. Masu sana'a suka riƙa yi masa 'yan sauye-sauye suna sayarwa da sunansu. Ya shafe shekaru yana neman haƙƙinsa a kotu, shari'ar ta ci kuɗinsa da lafiyarsa, har wa'adin takardar ya ƙare bai tara abin kirki ba. A tsakanin haka ɗansa James ya rasu a 1870, matarsa Anne ta bi shi a 1873. Ciwon damuwar ya tsananta, har akan yi watanni ba ya iya kusantar amya.

A waje kuma fasahar tasa sai bunƙasa take yi. Samuel Wagner, wanda ya ƙarfafa masa gwiwa tun farko, ya kafa mujallar American Bee Journal a 1861. Johannes Mehring a Jamus ya ƙirƙiro faifan kaki da ake sakawa cikin firam a 1857, Franz von Hruschka ya fito da injin tatsar zuma a 1865, wanda ke juya firam ya fitar da zuma ya bar saƙar lafiya a mayar wa ƙudan. Duka biyun a kan firam mai ciruwa suka dogara. Da tsufa ya hana Langstroth sabunta littafinsa, sai ya danƙa aikin ga Charles Dadant, Bafaranshen da ya zauna a jihar Illinois, da ɗansa Camille, sabon bugun ya fito a 1889.

Rasuwarsa da abin da ya bari

A 1887 ya koma birnin Dayton tare da iyalin 'yarsa Anna. Ranar Lahadi, 6 ga Oktoba, 1895, ya hau mumbarin wata coci a birnin domin yin wa'azi, bai yi nisa ba ya yanke jiki, ya cika a wurin yana da shekara 84. An binne shi a maƙabartar Woodland da ke Dayton. Gidansa na Oxford yana nan a harabar jami'ar Miami ta Ohio, gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Akwatin da ke ɗauke da sunansa shi ne mafi yawan masu kiwon zuma na kasuwanci ke amfani da shi a duniya. A Najeriya ma ana samunsa a gonakin zuma na zamani, tare da amya mai sanduna samfurin Kenya, wadda ita ma an auna faɗin sandunanta ne bisa tazarar da ƙudan ke bari tsakanin saƙa da saƙa. Amyar gargajiya da ake ratayawa a kan ɗorawa ko tsamiya kuwa tana nan a matsayin da ta Turai take kafin 1851: mai ita na jiran ƙuda masu ƙaura su shiga, ba ya kuma ganin abin da ke ciki sai daren da ya hau da wuta ɗibar zuma. Ƙudan Afirka sun fi na Turai yawan ƙaura da saurin barin amya gaba ɗaya in an takura musu ko abinci ya yanke, don haka manomin da ya koma amya mai buɗuwa, abu na farko da ake koya masa shi ne gane ɗakin sarauniya da lokacin raba amya.