Frederick Douglass: Gwarzon 'yancin da aka damƙa wa banki bayan an wawashe shi

An haifi Frederick Douglass cikin ƙangin bauta a shekarar 1818 a gundumar Talbot ta jihar Maryland a Amurka. Tun yana yaro ya koyi karatu a ɓoye a birnin Baltimore, a zamanin da iyayengiji ke ganin ilimi ga bawa haɗari ne. A 1838 ya tsere zuwa arewacin ƙasar, a 1845 ya wallafa tarihin rayuwarsa, sannan a 1847 ya kafa jaridar North Star a garin Rochester. Kafin a gama yaƙin basasar Amurka a 1865, babu baƙar fatar da ake sauraron maganarsa kamarsa a faɗin ƙasar.

Wannan kwarjini ne ya jefa shi cikin jarrabawa mafi ɗaci a shekarunsa na dattijantaka.

A ranar 3 ga Maris, 1865, shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar kafa bankin ajiya na 'yantattun bayi, wanda aka fi sani da Freedman's Bank. Wani limamin coci, John Alvord, shi ne ya jagoranci kafa shi, domin sojoji baƙar fata da sauran waɗanda aka 'yanta su sami wurin adana ɗan abin da suka tara. Bankin ya buɗe rassa 37. Masu wanki da guga, manoma, direbobin keken doki da ƙungiyoyin coci suka yi ta kai guminsu, akasarinsu da yaƙinin cewa gwamnatin tarayya ce ta tsaya wa kuɗin. Alhali majalisa izinin kafawa kawai ta bayar, ba ta ɗauki alhakin ko sisi ba. Masu ajiya baƙar fata ne, amma masu juya dukiyar galibinsu fararen fata ne.

Da farko doka ta taƙaita zuba kuɗin a takardun lamuni na gwamnati. A 1870 majalisa ta sassauta, ta ba da damar ba da bashi a kan filaye da gidaje. Daga nan ɓarna ta sami ƙofa. Henry Cooke, ɗan'uwan hamshaƙin attajiri Jay Cooke, yana da babbar murya a kwamitin kuɗi na bankin, sai basussuka suka riƙa kwarara zuwa kamfanonin da shugabannin ke da hannu a ciki, wasu ba tare da jingina ta kirki ba. Aka kuma gina katafariyar hedikwata a Washington, daura da Baitulmalin ƙasa.

A watan Satumbar 1873 kamfanin Jay Cooke ya durƙushe, tattalin arzikin Amurka ya girgiza. Jama'a suka yi dafifi a rassan bankin, kowa na neman a ba shi nasa. Banki kuwa ba ya ajiye duk kuɗin mutane a aljihun tebur. Idan kowa ya zo karɓa a rana guda, ko lafiyayye ne sai ya jigata, balle wanda basussukansa suka riga suka ruɓe.

A wannan hali ne, cikin Maris 1874, amintattun bankin suka zaɓi Douglass ya zama shugaba. Bai taɓa aikin banki ba; sunansa suke bukata domin a kwantar da hankalin masu ajiya. Ya karɓa da kyakkyawar niyya, ya fito ya ba jama'a tabbaci, har ya ranta wa bankin dala 10,000 daga aljihunsa. Sai da ya zauna ya duba littattafan lissafi ya gane cewa an riga an cinye gidan daga ciki. Bai rufe ba. Ya sanar da Sanata John Sherman, shugaban kwamitin kuɗi na majalisar dattawa, cewa bankin ba zai iya biyan abin da ake bin sa ba. A ƙarshen Yunin 1874 aka yanke shawarar rufe shi.

Mutum fiye da 61,000 ne kuɗinsu ya maƙale, jimillar kusan dala miliyan 3. An ɗauki shekaru ana biya kaɗan-kaɗan, har aka kai kashi 62 cikin 100, amma da dama ba su karɓi komai ba, ko don sun rasa littafin ajiya ko don ba su san hanyar nema ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi: wasu suka ci bashin, shi kuma sunansa ya rataya da faɗuwar. Tsoron banki ya daɗe a zukatan baƙar fatar Amurka, kuma sai a 1933 gwamnatin tarayya ta kafa inshorar kuɗin ajiya.

Fitowa da gaskiya da ya yi ita ta cece shi daga zubewar mutunci. A 1877 aka naɗa shi Marshal na gundumar Columbia, a 1881 ya zama mai rajistar takardun filaye na gundumar, sannan ya wakilci Amurka a Haiti daga 1889 zuwa 1891. Ya rasu a gidansa na Cedar Hill a Washington ranar 20 ga Fabrairu, 1895.

A 2016 Baitulmalin Amurka ya sa wa wani gininsa, da ke daidai wurin tsohuwar hedikwatar, sunan bankin. Ga duk ma'aikacin da aka kira ya gaji kujera a ma'aikatar da ke tangal-tangal, watanni ukun Douglass sun nuna tsadar ba da tabbaci kafin a buɗe littafin lissafi.