Marigayi Malam Aminu Kano: Yadda Ya Tara Talakawa

A wannan fitowa mun ɗauko tarihin Malam Aminu Kano, Allah Ya jiƙansa. Dalili kuwa, mu a nan Gidan Waya mun sha zama muna kukan ranar taron ƙungiya ba a cika benci uku, sai in an ji wani babba zai zo. To, ga mutumin da ya tara jama'a ba da kuɗi ba, ba da sarauta ba.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, gidan malamai da alƙalai. Ya yi karatun allo, ya shiga Midil ta Kano, daga nan sai Kwalejin Kaduna. A 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur. Can ne suka fara zaman tattaunawa, 'yan boko ƙalilan, ana tambayar abin da a da ba a isa a tambaya ba game da mulkin En'e. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilmi. Da ya dawo sai ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, wato ya fara da abokan sana'arsa, waɗanda ya san damuwarsu ciki da bai.

A 1950 yana koyarwa a Maru ya ajiye aikin gwamnati. Mu 'yan kasuwa mun san nauyin barin abin da ke hannu saboda abin da ba a gani ba. A watan Agusta na shekarar aka kafa NEPU a Kano, mutum takwas ne kacal, shi ma ba ya cikinsu a ranar. Daga baya ya shigo, a 1953 ya zama shugabanta.

Su wa ya nema? Teloli, mahauta, 'yan koli, 'yan tireda, ƙananan malamai da manoma. Ba ya jiran su zo, shi yake bin su gari-gari, ya yi musu bayani da Hausar da suke ji, ya kawo aya da hadisi a kan zalunci. Maganarsa ba ta wuce abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya ba: haraji, jangali, aikin tilas, da shari'ar da ba a sauraron talaka. Mutum ya yanki kati da kuɗinsa, sai ya ji tafiyar tasa ce. Shi ya sa duka da ɗauri ba su watsa su ba, ko da yake an ɗaure da yawa, wasu ma sun bar garuruwansu. Fatake kuma suka ɗauki maganar tare da kayansu, har ta kafu cikin Hausawan Jos, nan kusa da mu.

Mata ma bai bar su a baya ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha kurkuku a wannan tafiya, a lokacin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a. Ya kuma buɗe makarantar Islamiyya a Kano. Mu da muka yi Islamiyya ba za mu manta masa wannan ba.

Sai dai fa gaskiya, nasara ba ta zo da wuri ba. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko, amma tsarin zaɓe hawa-hawa ya cinye ta. Sai a 1959 ya shiga Majalisar Wakilai a Legas. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci gwamna a Kano da nan jiharmu ta Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, shekara kusan talatin da fara kukan. Ba a jima ba kuma rikici ya raba jam'iyyar gida biyu, santsi da taɓo, yana ji yana gani.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, muna yara, amma muna tuna yadda dattawa suka yi jugum bakin rediyo. Gidansa na Gwammaja, wato Mambayya, yanzu yana hannun Jami'ar Bayero, can kuma kabarinsa yake. Allah Ya gafarta masa, amin.