Alhasan Ɗantata, attajirin Kano

An haifi Alhasan a garin Bebeji, ƙasar Kano, a shekara ta 1877. Ubansa bafatake ne, ya rasu ya bar shi ƙarami. Wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi, shi ya sa ake ce masa Ɗantata.

Da goro ya fara. Sauran fatake suna tafiyar watanni da jakuna zuwa Gwanja, shi ko sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. To, da jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawa suka matsu da neman gyaɗa. Ɗantata bai saki goro ba, ya dai ƙara da gyaɗa. Yakan ba yaransa jari tun kafin kaka, su shiga ƙauyuka su saye. Dabara ce mai hatsari, don in damina ta ƙi, kuɗi sun tafi. Gyaɗar ƙasarmu ta Tasawa da Maraɗi ma, ta Kano take bi ta fita waje. Ya haɗa da cinikin shanu da tufafi.

A 1929, da aka buɗe banki a Kano, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ya kai ajiya. Ya rasu a 1955. Aliko Ɗangote mai siminti tattaɓa kunnensa ne ta wajen uwa.