Theodor Escherich (1857–1911): Likitan Yara da Ƙwayar Cutar da Ta Gaji Sunansa

An haifi Theodor Escherich a garin Ansbach na ƙasar Jamus ranar 29 ga Nuwamba, 1857. Ya kammala karatun likitanci a Würzburg a 1881, a zamanin da gudawa ke yi wa jarirai kisan mummuƙe a Turai. Wannan ne ya sa ya duƙufa kan nazarin bayan gidan jarirai. A 1885, yana birnin Munich, ya bayyana wata bakteriya mai zama a hanjin ɗan Adam tun daga kwanakin farko na rayuwa.

A 1890 ya zama farfesan likitancin yara a Graz ta ƙasar Ostiriya. A can ne, a 1894, ya nuna cewa wannan bakteriya, wadda galibi ba ta cutarwa a cikin hanji, takan haddasa kumburin mafitsara ga yara idan ta bi hanyar fitsari ta shiga. Har yau ita ce sanadin mafi yawan cututtukan mafitsara ga yara. Mata sun fi kamuwa, saboda gajartar hanyar fitsarinsu, kuma idan aka yi sakaci cutar kan hau zuwa ƙoda ta bar tabo.

A 1902 ya koma Biyana, inda ya shugabanci Asibitin Yara na St. Anna, ya kuma kafa ƙungiyar kare lafiyar jarirai mai ƙarfafa shayar da nonon uwa. Ya rasu ranar 15 ga Fabrairu, 1911. A 1919 aka raɗa wa bakteriyar suna Escherichia coli domin karrama shi.

Escherich bai riski zamanin magungunan kashe bakteriya ba, domin sai a 1928 aka gano fenisilin. A 1940, masu bincike biyu a Oxford, Abraham da Chain, suka samu sinadarin da ke lalata fenisilin a jikin wannan bakteriya tasa. Tun daga lokacin bijirewarta ga magunguna ke ƙaruwa, musamman inda ake shan su barkatai. Shi ya sa likitoci ke nanata a gwada fitsarin yaro a ɗakin gwaji, a tantance ƙwayar da maganin da ke cinta. Wannan ita ce turbar da Escherich ya bi: sanin ƙwayar cuta kafin yaƙar ta.