John Lennon: Mawaƙin da ƙasar Sin ta saurara bayan rasuwarsa

Lokacin da aka harbe John Lennon a ƙofar gidansa da ke New York ranar 8 ga Disamba, 1980, kaɗan ne daga cikin mutanen ƙasar Sin suka taɓa jin sunansa. Shekara huɗu ke nan da mutuwar Mao Zedong, kuma ƙasar ba ta daɗe da fita daga Juyin Juya Halin Al'adu ba, zamanin da mallakar faifan kiɗan Turawa kan iya jawo wa mutum tuhumar cin amanar juyin. Yau kuwa, gwamnati da masu adawa da ita duk suna jan rigarsa.

An haife shi a Liverpool ta Ingila ranar 9 ga Oktoba, 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifinsa Alfred ma'aikacin jirgin ruwa ne da ba ya zama gida. Auren iyayensa ya mutu yana ƙarami, sai yayar mahaifiyarsa, Mimi, ta riƙe shi. Mahaifiyar tasa, Julia, ita ta fara koya masa kaɗa tsirkiya, kafin mota ta kaɗe ta ta rasu a 1958, yana ɗan shekara 17. Wannan rashi ya bi shi har cikin waƙoƙinsa.

Ya haɗu da Paul McCartney a 1957. Zuwa 1960 ƙungiyarsu ta ɗauki sunan The Beatles, ta goge a gidajen rawa na Hamburg a Jamus, inda sukan kwana suna kiɗa. Faifansu na farko ya fito a 1962, kuma cikin shekara biyu suka mamaye Birtaniya da Amurka. A watan Yunin 1964 sun yi wasa a Kowloon da ke Hong Kong, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Iyakar kusantar da ƙungiyar ta yi wa babban yankin Sin ke nan.

Siyasa ta shiga rayuwarsa sosai bayan aurensa da Yoko Ono, 'yar asalin Japan, a 1969. Sun mayar da hutun amarcinsu zanga-zangar ƙin jinin yaƙi, suna zaune kan gado a wani otal a Amsterdam suna amsa tambayoyin 'yan jarida. A Nuwambar shekarar ya mayar wa Sarauniyar Ingila lambar girmamawa ta MBE, kuma cikin dalilan da ya bayar akwai hannun Birtaniya a yaƙin basasar Najeriya da goyon bayanta ga Amurka a Vietnam.

Ra'ayinsa kan Mao bai tsaya wuri guda ba. A waƙar Revolution ta 1968 ya yi wa masu yawo da hoton shugaban shaguɓe, abin da ya fusata 'yan gurguzun Turai. Bayan wargajewar Beatles a 1970 sai ya ƙara karkata ga masu tsattsauran ra'ayi. Bangon faifansa na 1972 na ɗauke da hoton haɗe-haɗe na Mao da Richard Nixon suna rawa tsirara, a shekarar da Nixon ya ziyarci Beijing. Gwamnatin Nixon, wadda ke tsoron tasirinsa kan matasa masu zaɓe, ta nemi korarsa daga Amurka, hukumar FBI kuma ta sa masa ido. Sai a 1976 ya samu takardar zama ta dindindin.

Mai wa'azin zaman lafiyar yana da nasa tabon. Shi da bakinsa ya amsa cewa ya taɓa dukan mata a ƙuruciyarsa, kuma bai kula da Julian, ɗansa na fari da Cynthia ta haifa masa, yadda ya kamata ba. Da aka haifi Sean a 1975 sai ya jingine kiɗa na shekara biyar ya zauna reno. Makonni uku da fitowar faifan dawowarsa, Mark David Chapman ya kashe shi yana da shekara 40.

Muryarsa ta shiga Sin ta bayan gida. Bayan da Deng Xiaoping ya fara buɗe ƙofa a 1978, ɗaliban waje da baƙi suka riƙa shigo da kaset, ana kwafa hannu zuwa hannu. Cui Jian, mai busa ƙaho a wata ƙungiyar kaɗe-kaɗe ta Beijing, na cikin waɗanda Beatles suka yi wa tasiri. Waƙarsa ta 1986 ita ake ɗauka mafarin kiɗan rock na Sin, kuma ɗalibai sun rera ta a dandalin Tiananmen a 1989. A shekarun 1990 sai ga kasetocin da ake kira dakou: rarar kayan da kamfanonin Amurka suka tsaga wa baki suka zubar, aka yi jigilarsu zuwa gaɓar Guangdong a matsayin sharar roba. 'Yan kasuwa suka gyara su suna sayarwa da araha a lunguna. Ta haka matasan Beijing da Wuhan suka ji kiɗan shekara talatin a lokaci guda, ba tare da mai tace waƙa ya sa hannu ba.

A Hong Kong sunansa ya zama makami. Al'adar ta samo asali daga Prague, inda matasa suka cika wani bango da hotonsa da ƙorafe-ƙorafensu a ƙarƙashin mulkin gurguzu. A zanga-zangar lema ta 2014, masu neman zaɓe na gaskiya suka lulluɓe matakalar ginin gwamnati da ke Admiralty da ƙananan takardu masu launi, suka kira wurin Bangon Lennon. A 2019, lokacin boren ƙin dokar miƙa waɗanda ake zargi ga Beijing, irin waɗannan bangaye suka bazu a tashoshi da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, har ana kai wa masu tsaronsu hari. Da dokar tsaron ƙasa ta fara aiki a ƙarshen Yunin 2020, wasu suka koma liƙa takardun da babu rubutu a kansu.

Bayan shekara ɗaya da rabi, ranar 4 ga Fabrairu, 2022, aka sa waƙarsa Imagine ta 1971 a bikin buɗe gasar Olympics ta hunturu a Beijing, a gaban Shugaba Xi Jinping. A lokacin an riga an kankare bangayen Hong Kong, kuma da yawa daga cikin jagororin zanga-zangar suna tsare ko suna gudun hijira.