Lewanhuk, Mai Kanti da Ya Gano Rayuwa Cikin Ɗigon Ruwa

Mutanen dā na Ƙofar Ruwa da sauran unguwannin birnin Kano sun haƙa ƙasa sun yi gini, ramukan suka zama kududdufai. Kowane yaro ya san ruwan kududdufi yakan koma kore. Abin da ke mai da shi haka waɗansu halittu ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Ga labarin mutumin da ya fara ganinsu.

Sunansa Antoni Lewanhuk, da rubutun ƙasarsu Leeuwenhoek. An haife shi a garin Delft, a ƙasar Holan, cikin shekarar 1632. Ubansa masaƙin kwanduna ne, ya rasu ya bar shi yana ƙarami. Da ya kai shekara 16 sai aka kai shi Amsterdam, ya zama yaron wani mai sayar da yadi. A 1654 ya komo gida ya buɗe kantinsa. Bai yi karatu mai zurfi ba, kuma ba ya jin wani harshe sai na ƙasarsu.

Masu sayar da yadi sukan duba zare da gilashi mai ƙara girman abu. Lewanhuk ya koyi yin irin wannan gilashi da hannunsa, ɗan ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Yakan sa shi tsakanin ƙarfe biyu, ya zama madubi. Akwai madubinsa da ke ƙara girman abu fiye da sau 250.

Kusa da Delft akwai wani tafki wai shi Berkel. Da sanyi ruwansa garau, amma in zafi ya zo sai ya gurɓace, ya yi kore-kore. Mutanen wurin suka ce raɓa ce ke kawo haka. Lewanhuk bai tsaya ga ji kawai ba. A 1674 ya ɗebo ruwan cikin kwalba ya duba. Sai ga waɗansu korayen zaruruwa a nannaɗe, ga kuma ƙananan halittu suna iyo, suna kai da kawowa.

Daga nan ya duba ruwan sama da na rijiya da na teku. A 1676 ya jiƙa masoro, bayan kwanaki ya duba ruwan. Ya ga halittu waɗanda suka fi na farko ƙanƙanta nesa. Su ne yau ake kira bakteriya.

Ya rubuta wa babbar ƙungiyar masana ta birnin Landan, wadda ake kira Royal Society. Da fari ba su gaskata ba. Sai ya kira dattawan kirki, har da malaman addini, suka duba suka shaida. A 1677 wani masani, Robert Hooke, ya gwada da kansa ya gani. A 1680 ƙungiyar ta karɓi mai kantin nan cikin 'ya'yanta. Ya rasu a 1723, yana da shekara 90.

Lewanhuk bai gane cewa waɗansu daga cikin halittun nan na kawo cuta ba. A 1884 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya sami ƙwayar cutar kwalara cikin wani tafki a Kalkata, ƙasar Indiya, inda mutane ke wanki suna kuma ɗiban na sha.

Amma yawancinsu ba masu cuta ba ne. Korayen suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsiro, ƙananan ƙwari su ci su, kifi ya ci ƙwarin. Wajen rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga na cikin teku take fitowa. Waɗansu kuma su ke ruɓar da ganye da ƙazanta.

To, yara, hasken ruwa ba shi ne tsabtarsa ba. Kada ku sha ruwan kududdufi, kada ku zuba masa ƙazanta. Ruwan da ba a amince da shi ba, a tafasa shi, a rufe randa. Ku kuma yi koyi da Lewanhuk, ku riƙa duba abu da kyau, gama gani ya kori ji.

Tambayoyi
1. Mece ce sana'ar Lewanhuk?
2. Me ya gani cikin ruwan tafkin Berkel?
3. Don me ake tafasa ruwan sha?