Humphry Davy, mai fitilar 'yan haƙar kwal

Tarihin wani Bature na kawo muku yau, kuma wata tsohuwar fitila ce ta kai ni gare shi.

Watannin baya na leƙa kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi a nan Gateshead inda nake zaune, irin wadda mutane ke buɗe bayan motarsu su baza tarkace. Sai na ci karo da fitilar 'yan haƙar kwal ƙirar Oldham, wadda ake maƙalawa a goshin hular kwano, da doguwar waya zuwa batirin da ake ɗaurawa a ƙugu. Fam 6 na biya. Batirin irin na ruwa ne mai darma a ciki, ya mutu tuntuni, ga nauyi kamar bulo. Amma kan fitilar lafiyarsa ƙalau, don an ƙera shi ne ya jure duka da ruwa. Na yanke batirin na kai inda ake karɓar irinsa, na cire tsohon ƙwan na sa na LED da ɗan allon da ke daidaita masa wuta, na haɗa da batiran litiyam biyu a cikin ƙaramin akwatin roba da ruwa ba ya shiga, na ɗaure shi a ƙeyar hular. Duka-duka abin bai ci fam 25 ba.

Da ita na bi wasu abokan aikina da ke shiga tsofaffin ramukan darma na Nenthead a ƙarshen mako. A cikinsu akwai wani dattijo da ya yi aikin kwal har aka rufe ramukan. Ya juya fitilar, ya yaba haskenta, sannan ya gargaɗe ni da abu biyu. Na farko, tunda na buɗe ta na sauya kayan ciki, ta tashi daga fitilar da aka amince a shiga da ita inda iskar gas take. Na biyu, ko da iskar numfashi ta ƙare na faɗi ƙasa, ita za ta ci gaba da haskawa abinta. Ya ce ta kakansa da ƙyar take nuna maka ƙafarka, amma tana gaya maka halin da iska ke ciki. Fitilar Davy ke nan. Tun daga ranar na shiga bin diddigin mutumin.

An haifi Humphry Davy ranar 17 ga Disamba, 1778, a Penzance, can ƙarshen kudu maso yammacin Ingila, a yankin Cornwall, ƙasar haƙar kuza da jan ƙarfe. Mahaifinsa masassaƙi ne, ya rasu a 1794 ya bar uwar da yara da bashi. Shekara ta zagayo aka kai yaron koyon aiki wurin wani likita mai haɗa magunguna a garin. Bai taka jami'a ba. Da littattafan aro da kwalabe da tarkacen gida ya koya wa kansa ilimin sinadarai.

A 1798 wani likita, Thomas Beddoes, ya ɗauke shi aiki a Bristol, inda ake gwada ko shaƙar iskoki iri-iri na maganin cuta. Davy bai cika shekara 20 ba. Kuma da jikinsa yake gwaji. Ya shaƙi iskar nan da ake kira iskar dariya har ba adadi, ya lura tana kashe zafin ciwo, ya rubuta a littafinsa na 1800 cewa za ta yi amfani wurin tiyata. Babu wanda ya kula sai bayan shekara 40 da wani abu. Wata rana kuma ya shaƙi wata iska mai guba, danginta ɗaya da hayaƙin janareta da ke kashe mutane a ɗaki, saura ƙiris ya tafi. Ni dai a ganina wannan ganganci ne, amma shi ya sa ya san iska a ƙirjinsa, ba a takarda kawai ba.

A 1801 ya koma Landan, cibiyar Royal Institution. Nan ya zama tauraro. Yana da baki, yana rubuta waƙa, manyan gari da matansu na cika zaure don kallon gwaje-gwajensa. Amma ba surutu kaɗai ba ne. A 1807 ya tura wutar batir cikin narkakkun sinadarai ya fitar da fotashiyam da sodiyam, ƙarafan da ba wanda ya taɓa ganin su tsurarsu. Sodiyam ɗin nan shi ne a cikin gishiri da kanwar da ke kicin ɗinmu. Shekara ta gaba ya ƙaro kalsiyam da maganiziyam da wasu. A 1810 ya tabbatar cewa kulorin sinadari ne mai zaman kansa, shi ya raɗa masa sunan. A 1812 aka ba shi lambar Sir, ya auri wata bazawara mai dukiya, Jane Apreece.

A wannan shekarar ce, ranar 25 ga Mayu, ramin kwal na Felling ya fashe. Mutum 92 suka mutu, manya da yara. Wurin ba shi da nisa da gidana. In ka sauka a tashar Metro ta Heworth, cocin St Mary na nan gefe, a maƙabartarta akwai dutsen tunawa da sunayensu da shekarunsu. Na je na tsaya na karanta. Akwai 'yan shekara 8. Wallahi sai da na tuna ɗana.

Ga yadda matsalar take. Kwal na fitar da wata iska da masana ke kira metan, ba ta da launi ba ta da wari. In ta gauraya da iskar numfashi daidai gwargwado, harshen kyandir ɗaya ya isa ya tashi rami gaba ɗaya. To amma ba a haƙa a duhu. An gwada dabaru: wani yaro ya riƙa juya faifan ƙarfe a jikin dutsen ƙyastu don tartsatsin ya ba da haske, wasu su shiga da busasshiyar fatar kifi mai ɗan ƙyalli. Akwai ma wanda aikinsa shi ne ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya rarrafa da kyandir a bakin doguwar sanda ya ƙone iskar kafin sauran su shigo. Kai, neman abinci.

Limamin cocin yankin, John Hodgson, wanda ya binne mutanen Felling, ya ƙi yarda a rufe maganar, ya buga labarin. Daga nan aka kafa ƙungiya a Sunderland a 1813 don hana irin wannan haɗari, kuma ita ta nemi Davy a 1815. Ya zo yankin nan cikin watan Agusta, ya zauna da John Buddle mai kula da ramin Wallsend, ya sa aka aika masa iskar a kwalabe zuwa Landan.

Nan ne na fi jinjina masa. Bai fara da fitila ba, ya fara da iskar. Ya gano cewa metan ba ta kamawa sai zafi ya kai wani mizani mai yawa, kuma harshen wuta ba ya iya ratsa siririn bututun ƙarfe, domin ƙarfen na shanye zafin kafin wutar ta kai ɗaya bakin. Ranar 9 ga Nuwamba, 1815, aka karanta bayaninsa a gaban Royal Society. Sannan ya yi tunanin da ya warware komai: ai rariya ta waya ba komai ba ce illa dubban gajerun bututu a jere. Sai ya kewaye lagwani da raga mai layi 28 a kowane inci, wato ƙofofi 784 a murabba'in inci ɗaya. Iska na shiga, in da gas a cikinta ya ƙone a cikin kejin, amma wutar ba ta fita. A watan Janairun 1816 aka sauka da ita ramin Hebburn aka gwada, ta yi.

Abin da dattijon nan ya gaya mini kuwa, ga shi. In akwai gas, sai harshen ya yi tsawo, wata shuɗiyar hula ta hau kansa, mai ido ya gane. In kuma iskar numfashi ce ta yi ƙaranci, sai harshen ya dusashe ya mutu tun mutum na da sauran ƙarfin juyawa.

Buddle ya ba shi shawarar ya yi rajistar fasahar da sunansa ya kwashi kuɗi. Ya ƙi, ya bar wa kowa ya ƙera. Wannan alheri ne, ba zan rage masa ba, ko da yake mai matar da ke da dukiya ya fi sauƙin yin irin wannan kyauta.

Kuɗi ya yafe, suna ne bai iya yafewa ba. A Killingworth, arewa da Newcastle, akwai wani makanikin injinan rami, George Stephenson, wanda sai da ya kai shekara 18 ya koyi karatu. Shi ma ya ƙera tasa fitilar mai shan iska ta ƙananan ƙofofi, ya shiga rami da ita da kansa ranar 21 ga Oktoba, 1815, kafin a karanta takardar Davy. Kafin su duka ma, wani likita a Sunderland, William Clanny, ya fito da tasa tun 1813. Davy ya kasa haɗiye cewa ɗan leburan rami zai iya kaiwa inda ya kai ba tare da sata ba. Shi da manyan abokansa na Landan suka yi ta ƙoƙarin nuna Stephenson bai san komai ba. Masu ramuka suka ba Davy kayan cin abinci na azurfa na wajen fam 2,000, suka miƙa wa Stephenson gini 100, wato fam 105. Mutanen yankin suka ji haushi, suka tara masa fam 1,000 nasu na kansu, kuma da yawa daga 'yan haƙar nan suka ci gaba da riƙe fitilarsa, wadda suke kira Geordie. Stephenson ɗin nan shi ne daga baya ya zama uban jirgin ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar nan aka raina iliminsa saboda karin harshensa, ya san ɓangaren da nake.

Haka ya yi da Michael Faraday, yaron da ya ɗauko daga shagon ɗinkin littattafai a 1813. Da suka tafi rangadin Turai, Faraday ya zama kamar ɗan aike, uwargida tana yi masa kallon bara. Da yaron ya fara haskawa, Davy, yana shugaban Royal Society a lokacin, ya yi adawa da shigar da shi ƙungiyar a 1824. An shigar da shi duk da haka.

Sai babbar tambaya: fitilar ta rage mutuwa? A shekarun farko dai ba ta rage ba. Haskenta kaɗan ne, har wasu kan buɗe ta don su gani. Waya ɗaya ta yi tsatsa ta tsinke, kariya ta tafi. Iska mai ƙarfi na iya tura harshen ya ratsa ragar. Amma mafi muni, masu ramuka sun same ta a matsayin lasisi. Wuraren da aka rufe saboda gas aka sake buɗewa, aka nutsa ƙasa fiye da da, kuɗin da ya kamata a kashe wajen shigar da iska mai kyau aka riƙe shi. A 1835 ramin Wallsend, na Buddle ɗin da ya fi kowa yabon fitilar, ya fashe ya kashe mutum 102, yawancinsu yara da matasa.

Ba don nishaɗi kawai na kawo wannan ba. Tun da na sa hoton fitilata a zauren WhatsApp na danginmu, mutum uku suka roƙe ni in haɗa musu irinta, don suna da yara a ramukan zinare, masu shiga da tocila ɗaure da roba a ka. Zan haɗa, in sha Allah, ta fi tocilar nesa ba kusa ba. Amma tsorona kada haske mai ƙarfi ya sa yaro ya ƙara nutsawa inda da ba zai kai ba. LED ba ta san iska ta ƙare ba, ba ta jin hayaƙin injin jan ruwa da aka kunna a bakin rami, ba ta riƙe ƙasa in za ta rufta. Mu a Nenthead, dattijon nan ba ya barin kowa ya wuce shi sai da na'urar auna iska rataye a ƙirjinsa, kuma kullum akwai wanda aka bari a waje ya san lokacin fitowarmu.

Ƙarshen Davy bai yi daɗi ba. Ya ba rundunar ruwa dabarar hana jan ƙarfen gindin jirage lalacewa. Ƙarfen ya daina ciwuwa, amma ciyayi da ƙwarin teku suka manne masa har jiragen suka rage gudu, jaridu suka yi masa dariya. Aurensa babu jituwa, babu haihuwa. A ƙarshen 1826 shanyewar jiki ta same shi, ya ajiye shugabanci a 1827, ya koma yawon neman lafiya da kamun kifi a Turai. Ya rasu a Janeba ta ƙasar Suwizalan ranar 29 ga Mayu, 1829, yana da shekara 50, can aka binne shi. Kayan azurfar nan daga baya aka narkar aka sayar, da kuɗin aka kafa lambar yabo ta Davy, wadda aka fara bayarwa a 1877.

Wani abin da ya ba ni mamaki: ɗan'uwansa Edmund Davy ne ya gano iskar asitilin a 1836, wadda ke fita in an zuba wa kabayid ruwa, irin na masu walda, kuma da fitilarta masu shiga kogo suka yi aiki shekara da shekaru kafin batir ya kore ta. Shi kansa Humphry yana cikin na farko da suka nuna wa jama'a hasken lantarki, tsakanin sandunan gawayi biyu.

A Penzance mutum-mutuminsa na tsaye a bakin kasuwa, da fitilar a gefensa. Ban je ba tukuna, tafiyar ta fi awa takwas a jirgin ƙasa daga nan. Heworth kuwa tasha uku ce, na koma sau biyu.